An Yi Mini Ruƙiyya Saboda Tatsuniyar Japan

Anti Safura, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta yi baƙi. Ɗana Zulkiflu yana aiki a Osaka, can ya auri 'yar Japan. 'Yarsu Ihsan ba ta jin Hausa, Turancin ma sai a hankali. Idan ya kira ni ta bidiyo, ni da jikata kallon juna muke kamar kurame. Shi ne da tsufana na shiga koyon Japananci a ɓoye, wai in ba su mamaki idan sun zo hutu. Malamarmu ta ce mu riƙa karanta tatsuniyoyinsu da ƙarfi don harshe ya warware. Tatsuniyoyin kuwa cike suke da aljanun ruwa da yanyawa mai rikiɗa ta zama mace, ga hotuna.

Kwanaki Anatu, yayar marigayi mijina, ta faɗo gidana a Edmonton ta tarar ina ta rero karatu ni kaɗai, ta hango hoton mace mai wutsiya. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari ta dawo da malami da wasu mata, aka rirriƙe ni aka yi mini ruƙiyya. Ina cewa yare ne, suna cewa aljanin ne ke gardama. Littattafan a bola suka ƙare.

Duk wannan zan shanye. Amma Anatu ta kira Zulkiflu ta ce na samu taɓi, shi kuma ya soke zuwansu hutun, wai sai na ji sauƙi. Ɗan da na goya bai tambayi bakina ba. Na daina ɗaukar wayarsa. Wallahi ji nake ba zan yafe musu ba.

Kakar Ihsan

Hajiya, an zalunce ki, ba zan rage miki ba. Karatun tatsuniya don koyon harshe ba taɓin hankali ba ne, kuma babu mai ikon rirriƙe ki a ɗakinki. Sai dai ɓoyon da kika yi shi ya ba jita-jita ƙofa. Anatu tsoro ta ji, ta yi gaggawa. Zulkiflu yana nesa, ɓangare ɗaya kawai ya ji, yanzu kuma shirunki yana gaskata zancenta.

Ki sake samo littafi ko guda ne. Ki kira surukarki, ki karanta mata shafi ɗaya ɗanki na ji. Ita ce za ta shaida cewa harshen iyayenta ne a bakinki. Daga nan ki faɗa wa Zulkiflu ɓacin ranki ba tare da kwana-kwana ba, ya san abin da ya yi. Anatu kuwa ki bar ta sai kin huce.

Kada ki jira sai sun ba ki haƙuri kafin ki ɗauki waya. Su manya ne, za su iya jira. Ihsan kuwa girma take yi, kuma abin da ta sani yanzu shi ne kakarta ta daina amsawa. Allah ya sanyaya miki rai, ya kawo miki ita har ɗakinki.