A Daina Aiko wa Ningrum Jamu

Semarang, 4 ga Maris

Yaya Sulastri,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya ke da yara, gwiwar Inna kuma ta yi sauƙi.

An gano abin da ke damuna. Ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwata, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, kuma ba daji ba ne. Likitar ido ce ta fara zarginsa, da ta ga ba na hango abin da ke gefena. Gwajin jini da hoton kai suka tabbatar. Ƙarin yana zubo sinadarin da ke kawo wa mai jego nono. A jikin namiji yana kashe sha'awa, ya hana haihuwa.

Ciwon kan da Inna take kankare mini baya da kwabo a kansa, tana cewa iska ce ta shige ni, daga nan yake. Rashin haihuwarmu ma daga nan yake. Shekarun nan duka matata Ningrum ke shanye kwalaben jamu masu ɗaci, jiƙon gargajiya na neman haihuwa da Inna ke aikowa a bas, alhali lafiyarta ƙalau. Ba zan iya faɗa wa Inna wannan da bakina ba. Ke ce babba, ki faɗa mata, kada ki rage komai.

Ba za a yi tiyata ba. Ƙwaya ce, sau biyu a mako. Hankalina kwance yake.

Ƙaninki,
Harjito

Semarang, 19 ga Oktoba

Yaya Sulastri,

Ina gaishe ku duka. Yaya damina ta fara muku?

Ƙarin ya ragu da rabi, jinin ya daidaita, na koma hawa babur. Jiri ya dame ni da farko, sai likita ya ce in riƙa shan maganin bayan na ci shinkafa.

Saƙon Inna ya iso. Kwalba ce kamar kullum, amma wannan karon sunana ne a jiki. Ningrum ta yi dariya har da hawaye, ta ce to Maigida, bismilla, sai ka toshe hanci. A ƙasan kwandon da aka sako kwalbar akwai zanen batik da Inna ta ajiye tun aurenta, an rubuta na Ningrum ne. Wannan bai ba ta dariya ba. Ta daɗe riƙe da shi.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ningrum ba ta ga al'adarta ba wannan watan. Ungozoma ta ce mu je ranar Litinin.

Ƙaninki,
Harjito