Maganin da ya san inda ciwo yake

Inna,

Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na daɗe ban sami labarin da ya isa in kawo miki ba. Yau na samu.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai na dawo hutu daga makaranta da 'yar tuta a hannu, na tarar ciwon daji ya ci miki rabin nono. Na yi ta cika ki da zancen asibitin da aka ce za a gina mana. Baba bai jira ba, muka tsallaka da ke Dahomey wurin wani mai magani. Ya ɗaura miki haɗin toka da kanwa. Da aka kwance, ya ƙone ciwon, ya ƙone naman lafiya. Kika ce, "Maganin nan makaho ne."

Tun ranar da muka binne ki na daina yarda da alkawarin 'yan boko, ni da nake ɗayansu.

Yanzu ciwon ya kama 'yata mai sunanki, wadda muke kira Ummi. Allurar da ake yi mata a Sakkwato ta zubar mata da gashi, bakinta duk gyambo. Ta ce ba za ta koma ba.

Na je na yi wa likitanta masifa. Ya bari na gama, sannan ya ba ni wani labari. Masana na ƙera wasu ƙunshi ƙanana, ƙwayar gero tsauni ce a gabansu, suna zuba magani a ciki. Ashe inda dajin yake ya fi sauran jiki tsami kaɗan. Ƙunshin yakan bi jini a rufe, sai ya ji tsamin nan ya buɗe. Inna, abu ba ido ba rai, ya ɗanɗana jikin mutum ya gane wurin. Na zauna kan benci. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sa wa ciwo alama tun kafin a san neman ta.

Likitan bai ɓoye mini ba, yawancinsa yana ɗakin gwaji. Na kuma san garinmu Bagudo ce za ta gan shi ƙarshe. Duk da haka na ba Ummi labarin, na roƙe ta ta daure ko Allah Zai kai ta lokacinsa. Ta dube ni, ta ce, "Baba, yau kai ke ba wani haƙuri?" Sannan ta ce a nemo mota.

Allah Ya haskaka makwancinki, Inna. Ita kuma Ya bar mini ita tukuna.

Ɗanki,
Garba