Idon da Na Kafa wa Inna

Juma'a, 4 ga Yuli, 2025

Kyamarar ta kama. Yau na ga tsakar gidanmu.

Ina zaune a kan kwali a bayan shagon maigidana Alhaji Nasir a kasuwar Al Sabkha, nan Dubai, an sauko daga masallaci, zafi kamar bakin tanda. Na buɗe waya, sai ga turmin Inna a kife, ga igiyar shanya, ga darbejiyar ƙofar gida. Har kajin. An yi ruwa a can, ƙasa ta yi baƙi. Rabona da jiƙaƙƙiyar ƙasa tun zuwana garin nan.

Mai sola ce, da sim a cikinta. In ka ja yatsa a waya sai ta juya, kuma ana magana ta ciki. Irinta muke ɗaurewa a kwali kullum zuwa Kano. Na sayi ɗaya na sa a kago, cikin kayan da ake aikawa gida, Yaya Dikko ya karɓo, ya kira Sulaiman mai haɗa sola daga cikin gari ya kafa ta a saman zaure, inda za ta ga ciki ta ga waje.

Na danna na yi sallama. Inna ta saki kwano ta yi bayan rumbu. Sai da Yaya ya gama dariyarsa ya kamo hannunta. Ta tsaya a ƙarƙashin abin, ta ɗaga kai, ta ce, "Ɗalhatu, kana dai cin abinci?"

Ta rame. Ban faɗa ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Da safe na buɗe, ban ga komai ba sai shuɗi. Na ɗauka ta lalace. Ashe Inna ce ta sa gora ta rataya mata tsohon zanenta mai hoton kifaye. Wai ko ɗan da ta haifa ba zai tsaya mata a ka ba tana wanka tana shafa mai, ga kuma matar Yaya na yawo ba ɗankwali. In sun kimtsa za ta cire.

Na ce Inna, amfanin abin ke nan, in riƙa gani ko lafiya. Ta ce in ba lafiya ba, daga can me zan yi?

Na mayar da wayar aljihu.

Laraba, 9 ga Yuli

A ɗakinmu na unguwar Abu Hail, Zainul Abideen ne mai ilimin kwamfuta, a ofis yake aiki. In ya dawo sai wasan yaƙi, bindiga a hannu, yana ta kashe mutane a allo. Yau gardama ta kaure tsakaninsa da sauran, wai bindigar Rasha ta fi ko ta Amurka. Wannan ya ce waccan ba ta jin ƙasa ba ta jin ruwa, wancan ya ce ɗayar ta fi saiti. Kowa masani. Ba wanda ya taɓa riƙe ko ta harbin tsuntsu.

Suka ce ni ɗan ƙauye in raba musu. Na ce ban san sunayensu ba, ƙarar kawai na sani. Ranar da 'yan bindiga suka shigo kasuwar garinmu, shekarar da na taho, ba haka take ba. Busasshiya ce, kamar ana karya kara. Kuma abin da wasan ba shi da shi, shirun da ke biyo baya. Ko kaza ba ta motsi.

Zainul ya ce, "Habibi, ka ɓata mana wasa." Ya rage sautin dai.

Na nuna masa gida a waya. Ya tambaya ko na canza lambar sirri. Na ce Sulaiman ya haɗa komai, ni dai ya turo min na shiga. Ya ce za mu duba. Aka kawo shayi, muka manta.

Asabar, 12 ga Yuli

Sojoji sun wuce ta ƙofar gida a mota biyu. Na bi su da kyamarar har suka sha kwana. Bakin bindigoginsu na kallon ƙasa, kowacce da maɗaurinta a kafaɗa, duk iri ɗaya. Ɗaya yana cin gasasshiyar masara.

Na yi barci sosai.

Talata, 15 ga Yuli

Na bar kyamarar tana kallon tsakar gida. Da hutun azahar na tarar da ita tana kallon garke da inda Yaya ke jingine babur. Na ce iska ce. Na mayar da ita.

Ina riƙe da wayar, yatsana bai taɓa ba, ta sake juyawa. A hankali, irin juyin mai neman abu. Ta tsaya a kan shanun.

Alhaji Nasir ya leƙo ya ce yalla, in tashi maza, kwantena ba ta jiran mai kallon kaji.

Laraba, 16 ga Yuli

Wataƙila haka kyamarorin suke yi in rana ta yi musu yawa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Bari in rubuta.

Da la'asar ɗinsu na gaishe da Inna, tana tsince shinkafa. Ta ce ya murar? Na ce wace mura? Ta ce jiya da na yi mata magana muryata a shaƙe, da ƙyar ta gane ni.

Jiya ban yi mata magana ba. Muna lodi har dare.

Na ce me na ce miki? Ta yi dariya, wai Dubai ta fara cinye min ƙwaƙwalwa. "Ba kai ka ce Inna ina wuni ba? Ka tambayi ranar da Dikko zai kai bijiman kasuwa, na ce Lahadi. Ka ce ta wace hanya zai dawo, na ce ta rafi mana, ina wata?"

Bakina ya buɗe zan ce Inna ba ni ba ne. Sai na tuna wanda ya yi mata magana yana iya jina yanzu. Yana iya kasancewa muna kallonta tare, ni da shi, tana zubar da tsakuwa a gefen tabarma.

Na ce eh, mura ce, sanyin na'urar shago. Ta ce in sha citta.

Da "Inna" ya kira ta. Ya saurare mu har ya koyi yadda nake kiranta.

Juma'a, 18 ga Yuli

Zainul bai taɓa wasansa ba. Ya karɓi wayata ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ni baƙo ne a kyamarata. Wayar da aka fara haɗa ta da ita, ita ce mai gida. Ni aro aka ba ni. Ba zan iya canza lamba ba, ba zan iya korar kowa ba, amma shi yana iya korata.

Lambar Sulaiman ba ta shiga, muka kira shi ta lambar ƙaninsa. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗa. An tare shi a hanya kwanaki kaɗan bayan ya yi mana aiki, masu bindiga suka karɓe babur da waya, suka bar shi da ransa. Wayar ba ta da makulli, saboda yara suna kallo a ciki. Bai kawo komai a ransa ba, shi dai baƙin cikin babur yake. Ba gidanmu kaɗai ke cikin wayar ba.

Kuka ya fara yi. Na ce ya bar kukan, ya bi gidajen da ƙafa ya gaya musu, kada ya faɗi komai a ƙarƙashin kyamara.

Na samu Yaya a gona, inda waya ke kamawa a kan tudu. Ya ce yanzu zai je ya farfasa ta da fartanya. Na ce in ta mutu yau, sun san mun sani, ba za su jira Lahadi ba. Ya ce to ya bar masara tana bunƙasa ya tafi ina? Ya ce ni da na aiko musu da masifa a kwali, ina cikin sanyi ina ba da umarni.

Gaskiyarsa. Na bari ya gama. Da ya gama na ce, Yaya, kullum da safe Inna tana rufe ta. Sun saba ganin haka.

Sai ya ce to, gobe da zarar ta rufe za su fita.

Asabar, 19 ga Yuli

Tun kafin gari ya waye a can nake kallo. Inna ta fito da buta. Ta share tsakar gida kamar kullum, ta watsa wa kaji dawa, fiye da yadda ta saba. Yaya ya gaya mata jiya a bayan gida. Ban san yadda ta ɗauka ba.

Ta ɗauko gorar da zanen. Kafin ta ɗaga, ta tsaya ta kalli kyamarar. Ba kallon da take min ba ne. Ban taɓa ganin wannan fuskar a wurinta ba, kuma ta san ina ciki ni ma.

Shuɗi ya rufe.

Na kasa kunne. Kwanuka. Jaririyar Yaya ta fara kuka aka toshe ta da nono. Kofaton shanu ta ƙofar baya, wadda ke fita cikin masara. Daga nan sai kaji.

Na ɗaure kwalin wani ɗan Agadas da sunan wani ɗan Kano. Alhaji ya yi faɗa, na ba shi haƙuri.

Da magaribarmu Yaya ya kira. Sun isa Funtuwa, gidan Goggo. Shanun suna wurin surukinsa. Na shiga banɗakin shago na rufe.

Lahadi, 20 ga Yuli

Shuɗi dai. Rana tana ratsa kifayen.

Litinin, 21 ga Yuli

Sun zo. Da rana tsaka, ba ma da dare ba.

Ina cin abinci a bayan shago, wayar a jingine da gorar ruwa. Ƙarar babura. Aka kashe su. Takun mutane a zaure, aka daki ƙofar ɗakin Inna, wani ya yi zagi. Kaji suka watse.

Sai zanen ya motsa. Wani abu baƙi ya ɗago shi daga ƙasa, haske ya shigo. Bakin bindiga ne, ya cika min waya, har ina ganin ramin. Katakonta ya tsage an naɗe da salatif, ga laya ja a ɗaure. Ba ta yi kama da ta sojojin nan ba, ba ta yi kama da ta wasan Zainul ba. Ta yi kama da abin da ake aiki da shi kullum, kamar fartanyar Yaya.

A bayanta fuska. Sa'ana ne, ko ma na girme shi. Leɓensa a bushe. Ya ɗan karkata kai yana leƙe.

"Ɗalhatu, kana nan?"

Babu mura a muryarsa.

Ban danna ba. Ban kashe ba. Ya jira, ni ma na jira. Na daɗe ban ga mai haƙuri irinsa ba.

"To, ka gaida Inna."

Ya janye bindigar, zanen ya koma.

Ba su yi harbi ba. Amma bayan tafiyarsu shirun nan ya zo, shi ɗin dai.

Laraba, 23 ga Yuli

Ba na iya cin komai. Ɗan Pakistan mai shayi ya taɓa kafaɗata ta baya, na zubar da kofi.

Zainul ya sayo abin sawa a kunne. Ban roƙe shi ba. Yanzu yana kashe mutanensa shiru, sai ƙarar maɓallai.

Juma'a, 1 ga Agusta

Sauran gidajen duk sun cire nasu, in ji Sulaiman. Tamu ce kawai ta rage, ba mai son shiga gidan. Zainul ya ce in goge abin daga wayata, khalas, shi ke nan. Na ce ai gida ne.

Ina buɗewa sau da yawa. Shuɗi, iska, ruwan sama a kan kwano. Wani lokaci kyamarar tana juyawa a cikin zanen, in ji ƙugin injinta. Shi ne. Bai kore ni ba, alhali yana iyawa. Mu biyu muna zaune a gaban zanen Inna.

Lahadi, 3 ga Agusta

Wata Hajiya ta sayi kwali biyu na kyamarori. Ina ɗaurewa na ce mata duk wanda ta sayar wa, ya tabbata da wayarsa aka fara haɗawa, ba ta mai kafawa ba. Ta ce yaron Alhaji ya zama injiniya. Ta dai sa na maimaita, ta ɗauka a waya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ƙaramar wayar da na aika wa Inna ta isa tun makon jiya, mai maɓalli, ba ta hoto. Da na kira ta ƙi magana. Ta ce in faɗi abin da na ɓoye a rumbu ina yaro har ya ruɓe. Na ce ƙwan zabi. Ta ce to, kai ne.

Kullum yanzu sai ta yi min sabuwar tambaya. Jiya sunan jakin Baba. Tana jin daɗin abin, ina jin Goggo tana dariya a gefe.

Yaya bai huce ba tukuna. Ya dai karɓi waya ya ce ya samu aikin dako a kasuwar hatsi. Masarar ba mu yi zancenta ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

Alhaji ya kai mu shan iska Hatta, can nesa da birni. Duwatsu, ruwa kore a tsakiyarsu, har da gonaki. Wani tsoho yana ba dabino ruwa, ƙasar ta yi baƙi, na tsaya ina shaƙa har suka yi ta min hon.

Sai a mota muna dawowa na tuna ban buɗe ba yau. Jiya ma ina jin ban buɗe ba. Aiki ne ya yi yawa.

Saƙo ya shigo, datar sim ɗin kyamarar za ta ƙare gobe. Zainul ya tambaya ko zan sabunta. Na ce zan gani.

Inna ta kira. Bayan na ci jarrabawa ta ce zanenta yana nan kuwa? Na ce ban duba ba. Ta ce a bar shi, dama ya tsufa. Sannan ta ce kana dai cin abinci?

Na ce eh. Shinkafa da kifi, har na ƙara.