Rajistar Dinatu

Litinin, 5 ga Yuli, 1971

Gaskiya Allah ya yi wa Dinatu baiwa. Rubutu kamar na inji, layi da rula, Turanci ta hanci irin na matan mishan da suka raine ta a Jos. Yau Likita ya ɗaga rajistarta sama ya nuna wa kowa a ɗakin gwaji, saura kaɗan mu yi tafi. Wata huɗu da zuwanta Malumfashi. Ni shekara biyu ina tace fitsarin 'yan makaranta ina ƙirga ƙwan tsargiya a madubin likita, ko murfin kwalbata ba a taɓa ɗagawa ba.

Tunda kwalara ta shigo aka tsayar da komai. Gurbin karatu a Ibadan ɗaya ne, watan Oktoba, kuma Likita ya ce aikin annobar nan ne zai nuna wanda za a tura. Ita aka ba ƙidayar gidaje, don mace ce, tana shiga har ɗaki. Ni kuwa, Sulemanu ɗan Matta mai awon hatsi a kasuwar Funtua, nawa in riƙe mata akwati a zaure.

Laraba, 7 ga Yuli

An zubar da kwalabena, ana son kantar don ruwan da ake ƙara wa masu kwalara. Shekara biyu, a kwata.

Asabar, 10 ga Yuli

Babban ma'aikacin ɗakinmu, mutumin kudu, ya ce cikin raha wai Hausawa Kirista biyu a ɗaki ɗaya sun yi yawa, ɗaya ya isa a nuna wa baƙi. Da rana kuma wani dattijo a zaure ya tambaye ni ko sunan nan nawa aro na yi. Can ba namu ba, nan ba namu ba. Dinatu har da taya mutumin dariya. Ba ta gane ba ne, ko ta fi ni iya zama?

Talata, 13 ga Yuli

To!

Ta ba ni rajista in riƙe tana wanke hannu, na buɗe. Gidan Sanda maƙeri: matarsa Hajo, 'ya'ya uku. Huɗu ne. Na san Kulu, 'yarsu ta fari, ita ke kawo mana dafaffiyar gyaɗa bakin asibiti. Na duba gidan Aƙilu, haka. Gida shida da na sani, duk babu 'ya'yan fari.

Takardar Likita ta ce a tambayi uwa sunayen 'ya'yanta, ita kuma ta bi takarda. Wace uwa ce a ƙasar nan za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan farinta? Kunya ai ba ta san annoba ba. Uwa na farawa daga na biyu, na farin kuma yana can ɗakin kaka. Uwata har ta rasu "wancan" take ce mini. Amma wadda ta tashi a ɗakin kwanan makaranta tun tana shekara biyar, wa zai gaya mata?

Ba ni ba.

Juma'a ta sama za ta karanta sakamakonta gaban Likita da baƙi daga Zariya. Sai ta gama, an yaba, sannan in ɗaga hannu a hankali. A kasuwa na koyi wannan: ka bar mai kaya ya gama rantsuwa kafin ka zura hannu ƙasan buhu.

Lahadi, 18 ga Yuli

A majami'a fasto ya yi mata addu'a da suna, wai 'yarmu mai shiga gidajen cuta. Na ce amin. Mai akwati dai ba a san da shi ba.

Litinin, 19 ga Yuli

Ƙwayoyin rigakafi sun iso, kaɗan ne. Likita ya ce duk gidan da aka samu mai ciwo, a raba wa mutanen gidan bisa lissafin rajista, ba ƙari. Ƙanen Sanda na kwance, don haka gidansu na ciki. Ni na ƙirga da hannuna, na yara uku, na ƙulle a takarda.

Kwana huɗu ne kawai zuwa Juma'a. Kuma Likita da kansa ya ce ƙwayar ba tabbas ba ce.

Alhamis, 22 ga Yuli

Da hantsi aka kawo Kulu a amalanke, idanu sun faɗa, fatar ciki in ka ja ba ta komawa. Kakarta Tsohuwa ke riƙe da kanta. Hajo ta tsaya nesa, jikin bishiyar darbejiya, kamar rakiya ta yi. Dinatu ta buɗe rajista, ta bi layi da yatsa sau biyu, sannan ta je wurinta.

"Inna, wannan ba 'yarki ba ce?"

Hajo ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Waccan... ta sha ruwan kuwa?"

Tsohuwa ce ta yi bayani, tana faɗa tana kuka, wai wace makaranta ce ba ta koya wa mutum wannan ba.

Dinatu ta same ni a bayan ɗakin gwaji. Ta ce gida ɗari biyu da goma ta shiga, duk haka ke nan? Na ce kusan. Ta dube ni.

"Malam Sule, tun yaushe ka sani?"

Na ce yau.

Juma'a, 23 ga Yuli

Ba ta bari na ɗaga hannu ba. Tana miƙewa ta ce rajistarta ba daidai ba ce, ta faɗi dalili, ta nemi mako biyu. Baƙin Zariya suka hau rubutu kamar ta gano sabuwar cuta. Har kuskure ma kyau yake yi mata.

An ƙara wa Kulu ruwa kwalba biyar.

Talata, 27 ga Yuli

Mun sake zagaye. Na ce mata ta bar iyaye, ta nemi kakanni, su ne ke kiran sunan jika har da zagi a kai. Inda babu kaka, ni nake fita in tambayi mai shagon unguwa. Sunaye tamanin da bakwai da aka tsallake muka samo zuwa yau. Ina yi ne don a san wa ya san gari, ba wani abu ba.

Litinin, 9 ga Agusta

Ita za ta Ibadan. Ta gaya wa Likita rabin aikin nawa ne, ya ce madalla, zai tuna da ni baɗi. Na san irin wannan baɗin.

Na bi ta gidan Sanda da yamma, hanya ce ta bi da ni. Kulu na zaune a tabarma tana shan koko, wuya kamar kara. Tsohuwa ta cika mini aljihu da gyaɗa, tana ta sa mini albarka, wai ni ne yaron kirkin da ya nemo jikokin mutane. Na kasa ci. Na ba Dinatu, na kuma nuna mata gidaje huɗu da muka tsallake a bayan kasuwa, tunda dai ni zan riƙe rajistar in ta tafi.

Akwai layin suna, layin shekaru, layin ranar da ciwo ya fara. Kwana tara da na yi da baki a rufe fa, a wane layi ake sa shi?