Kibod ɗin Auta ya yi shiru

Litinin, 3 ga Maris

Ɗana Auta ya sake farke kibod ɗin kwamfutarsa. Maɓallai warwatse a kan tebur kamar an ɓarar da wake. Wai da hannunsa ya haɗa shi, wai babu irinsa a kasuwa. Matarsa ta ce ƙararsa na tashin jaririya daga barci, shi ne ya duƙufa neman yadda zai rufe masa baki. Shekara talatin da biyu ina buga tafireta a ofis, mu shida a ɗaki ɗaya, ba wanda ya taɓa suma don ƙara. Yaran yanzu!

Ita kuma surukar tawa ta ce rediyona ya fi kibod ɗin damunta, wai ko kunnena ne. Kunnena ƙalau. Ita ce ke magana ciki-ciki kamar mai ciwon haƙori.

Talata, 4 ga Maris

Ƙato da gemunsa, ya wuni da ɗan buroshi yana shafa wa kowane maɓalli mai. Tamanin da bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar banɗaki wata uku tana cijewa, bai taɓa ɗiga mata ko ɗigo ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau ni aka naɗa alƙali. "Baba, kai ne gwanin kunne, zo ka saurara." Wai dogon maɓallin ƙasa yana wani ɗan kaɗawa, ƙarfen cikinsa na bugun roba. Ya danna, ya danna, yana kallon fuskata. Na ce ina ji mana, shirme ne dai.

Ban ji wani kaɗawa ba. Babu shi ne, shi ya sa. Ni da nake gane sabon ma'aikaci ya buga kuskure daga ƙarshen ɗaki, tun kafin ya ɗauko abin gogewa, ni za a koya wa sauraro?

Asabar, 8 ga Maris

Soso kuma yau. Ya yanka shi da reza, ya shimfiɗa a cikin gindin abin, ya bi bayan allon da maɓallan ke kai da salatif har hawa uku. Saura bargo da matashin kai.

Ya kunna mini ƙarar da ya naɗa a waya, ta da da ta yanzu. "Baba, ka ji bambancin? Wannan tana ƙwas-ƙwas, wannan kuma ta zauna." Duk ɗaya. Na gaya masa duk ɗaya ne, ya yi dariya yana zaton zolaya nake. Haushi ya kama ni, na tashi na bar masa ɗakin.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba abin rubutawa. Miya ba gishiri.

Laraba, 12 ga Maris

Da hantsi ina falo, surukata tana wanki a bayan gida. Ta ce in sa kunne ko jaririya za ta farka, aƙalla haka na fahimta. Ƙofar Auta a buɗe, ina hango yatsunsa suna gudu, amma tsit. Ko ƙwas. Na ce a raina, to, wahalar banzan ta yi rana.

Na leƙa na ce, "Kai Auta, ka ci nasara fa. Ya yi shiru."

Ya zare abin sauraron da ke kunnensa, ya tsaya yana kallona. Ya ce jiya ya cire soson da salatif ɗin duka, don sun sa wasu maɓallai na maƙalewa. Ya ce yau ya fi kullum ƙara.

Kafin in ce wani abu sai ga matarsa a guje, hannu duk kumfa, ta wuce mu ta shige ɗaka. Ta fito da yarinyar a kafaɗa, fuska ta yi jajir, tana shessheƙa. Tun daga bayan gida ta jiyo kukan. Ni kuwa bango ɗaya ne tsakanina da yarinyar.

Ta wuce ni tana jijjiga ta. Gara ma da ta yi faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban kunna rediyo ba. Labaran ma duk ƙarya ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Sun fita da safe, sai na shiga ɗakin Auta. Don in ga shirmen da kyau kawai. Na danna maɓalli ɗaya, na ji shi a yatsa. Na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa shi, na sake dannawa. Can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Na juya ɗaya kunnen. Babu.

Yana da laushin bugu dai, wannan ba zan hana shi ba.

Da suka dawo na ce wa Auta ya tambayo mini ranar da likitan kunne ke zama, don kawai su ƙyale ni in huta. Ya amsa da wata magana, kansa a ƙasa. Na ce ya ɗago ya maimaita.