Ƙaryar Da Na Yi Da Sunanki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dija.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika yi ta koya mini ban taɓa iya shi yadda kike so ba, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Na san ba a aika wa na kabari takarda. Amma shekara huɗu ke nan da rasuwarki, har yau in abu ya fi ƙarfina ke bakina yake fara kira. Waɗanda za su ga wannan a shafina su yi haƙuri, ba da su nake ba, da ke nake.

A kan benci nake rubuto miki, a bakin ɗakin marasa lafiya. Yayana, Hamma Buba, yana ciki. Kububuwa ce ta sare shi, yau kwana biyar. Kuma na yi ƙarya da sunanki, Inna. Bari in ɗauko miki daga tushe, don kin tsani a fara miki labari daga tsakiya.

Kin san ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barinki kin kama sunansa ba, sai dai ki ce "wancan yaron" ko da furfura ta fara fito masa. To wancan yaron ya zama cikakken ɗan birni. Yanzu dillali ne babba a kasuwar shanu, shadda da takalmi sau-ciki a ranar Juma'a, silifas sauran kwanaki, waya biyu a hannu. Sandar kiwon da kika ce kada ya taɓa fita babu ita tana bayan ƙofa, matarsa Falmata ce take karkaɗe katifa da ita.

Ranar Talata da hantsi ya fita wani ƙauye a bayan gari sayen harawa, saboda ragunan da yake turkawa a gidanmu na Ajilari. An tara dammunan a gefen gona tun bayan girbi. Ya sunkuya ya ɗaga ɗaya don ya ji nauyinsa, ƙafarsa a buɗe. Ya ce ya ji wani sauti kamar ana goga busasshen kara a kan kara, kafin ya ja baya kububuwar ta kai masa sara a idon sawu. 'Yar ƙarama ce, launin ƙasa, ko kamu biyu ba ta kai ba.

Da kina raye da kin fara da faɗa kafin jaje. Ke da ba kya ɗaga itace sai kin buge shi da sanda. "Sanda ta riga hannu," haka kike cewa. Ba kya bari mu zura ƙafa a takalmi sai mun kife shi mun girgiza. Ba kya yarda a ajiye hatsi a ɗakin kwana, wai inda ɓera ya je mai cinsa na tafe. Ko da muka dawo Maiduguri, tsakar gida duk siminti, sai da kika sa aka nome ciyawar bayan katanga, maƙwabta suna cewa Fulanin nan sun taho da daji a kansu. Muka yi ta yi miki dariya. Ni na fi kowa.

Mutanen gonar sun yi abin da suka sani. Suka ciro igiyar dami suka ɗaure masa ƙwauri tamau, wani ya sa reza ya tsattsaga wurin, wani ya manna baƙin dutsen da ake cewa yana tsotse dafi. Suka sako shi a bayan a-kori-kura tare da harawarsa, domin Hamma ko yana mutuwa ba zai bar kayansa ba. Ina shagona na ɗinki a Kasuwar Kwastam Falmata ta kira ni tana magana rabi Hausa rabi Kanuri, abin da na tsinta kawai shi ne maciji da sunan mijinta. Na bar keken a buɗe da zanen mutane a kai.

Na same shi a zaure yana wa mutane barkwanci. Na ce a tashi a tafi asibiti. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya ce min na manta da maganarki ne?

Ban manta ba, Inna. Ta yaya zan manta?

Ina da shekara shida lokacin, muna ruga, tun kafin tashin hankali ya raba mu da shanu. Maciji ya sari Baba yana saran ƙaya don shinge. Kwana uku kina jinyarsa da sassaƙe da tofi. A na huɗu aka ɗora shi a kan takarkari zuwa garin da ake cin kasuwa, wani mai shagon magani ya yi masa allura a ɗuwawu. Hamma ne ya riƙe masa kai. Daga ɗan ramin allurar nan jini ya ɓalle, aka danna da tsumma, tsumma ya jiƙe, aka canza wani. Kafin la'asar Baba ya cika.

Tun ranar kike cewa, "Kwana uku yana kokawa da dafi bai faɗi ba, allura ɗaya ta kayar da shi." Kika ce dafi da allura ba sa zama a jiki ɗaya. Kuma ranar sadakar bakwai kika tara mu kika ce duk wanda ya kai miki ɗa gaban allura a kan sarar maciji, ba ki yafe ba. Kin faɗa sau ɗaya, ba ki sake ba, don ke ba kya maimaita magana. Ni na girma na yi makaranta na ji wasu bayanai. Hamma kuwa jinin Baba ne ya bushe a rigarsa.

Kwana biyu ina fama da shi. Na yi lallashi, na yi tsawa, na yi kuka. Na ce masa wannan maganar ta mutanen da ce, ya ce to shi mutumin da ne. Na ɗauko limamin unguwa, ya zauna ya yi masa nasiha cewa neman magani ba ya karo da biyayyar iyaye. Hamma ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, Allah Ya saka wa Malam da alheri, bai motsa daga tabarma ba. Kin san halinku, ke da shi. Ba kwa musu, ba kwa kuma yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar Laraba ya ji sauƙi. Ya ci tuwo, ya yi ciniki a waya, ya dogara bango ya je alwala da kansa. Masu dubiya suka ce dutse ya yi aiki. Ya kalle ni ya ce uwar surutu ta ga ikon Allah. Ni kuma idona yana kan tsagar rezar nan. Kwana guda cur ba ta daina tsattsafo da jini ba, Falmata tana canza tsumma tana ɓoyewa a bayan randa don kada ya gani. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ƙasan igiyar ya yi baƙi. Na tsaya a kansa da bakina da karatuna, ban iya komai ba. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce kamar ranar.

Alhamis da safe ya yi asuwaki ya tofar, abin da ya fito jini ne zalla. Ya sa ƙafarsa mai lafiya ya ture ƙasa a kai. Falmata ta gani, ta ja ni madafa ta riƙe hannuna biyu, ta ce, "Ya Hauwa, ni matarsa ne kawai, ke kam jininsa. Ki yi wani abu." Hausarta ta karye a wurin, ni ma wani abu ya karye a cikina.

Sai na koma na durƙusa a gabansa. Na ce akwai saƙon da na riƙe shekara huɗu. Na ce a ciwonki na ƙarshe, lokacin da ni kaɗai nake kwana da ke, kin kama hannuna kin ce, "Na yi kuskure a kan babanku, da mun kai shi da wuri. Ki faɗa wa Buba na janye maganata." Na rantse masa, Inna. Allah Ya yafe mini, har rantsuwa na yi.

Ke kin san ba ki faɗa ba. Abin da kika ce min a kwanakin nan shi ne kunun ya yi ruwa, kuma in daina kuka a kanki kamar wadda aka yi wa sata.

Ya kalle ni. Sannan ya ce a kira keke napep.

A asibiti wata nas mai manyan shekaru ta karɓe mu. Ta kwance igiyar a hankali tana girgiza kai. Ta ɗebi jininsa ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye, ta ce mu ba shi minti ashirin, jinin mai lafiya zai daskare. Na zuba wa kwalbar ido kamar ita ce za ta yi min magana. Da lokaci ya cika ta karkata ta, jinin ya gangaro kamar zoɓo.

Ita ce ta yi min bayanin Baba, bayan na ba ta labarin ina kuka. Ta ce dafin kububuwa jini yake tsinkawa, a hankali, mutum yana tafiya yana dariya alhali ciki yana zuba. Ta ce a kwana na huɗu ko ƙaya ce ta soki Baba haka zai yi ta zubar da jini, kuma da wuya in abin da mai shagon ya yi masa maganin dafi ne. Maganin dafi na gaskiya ta jijiya ake sa shi, a asibiti, ana tsaye a kan mutum. Ta ce da ba a ɗaure ba, ba a tsaga ba, an dai tallafe ƙafar da itace don kada ta motsa, an ɗauko shi kwance tun ranar Talata, da wataƙila yanzu yana gida yana faɗa da masu harawa.

Kin ga abin da ya fi min ciwo ke nan. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Kin ga allura, kin ga jini, kin ga gawa. Babu wanda ya zaunar da ke ya faɗa miki abin da ya faru a tsakaninsu. Kika ɗauki abin da kika gani kika yi mana katanga da shi don kina son mu, yau ga ɗanki katangar ta danne shi. Na so in yi fushi da ke, wallahi na gwada. Na kasa.

An sa masa maganin, jinin bai daskare ba. Aka ƙara, sai jiya kwalbar ta kama. Falmata ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti. Amma likita ya kira mu gefe ya ce kada mu yi saurin murna, kwana biyun da aka yi a gida sun taɓa ƙodarsa. Fitsari ba ya fita sai ɗan kaɗan, fuskarsa ta kumbura. Na tambaye shi me zan yi, me zan kawo, wa zan kira. Ya ce su za su yi nasu, mu namu jira ne da addu'a. Ni da ko layin famfo ba na iya jira.

Ɗazu bayan azahar na shiga ba shi ruwa a cokali. Ya buɗe ido ya ce in matso. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Hauwa, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko sau ɗaya. Da ita ce ta aiko ki, wancan yaron za ta ce."

Na ajiye cokalin. Shekara talatin da wani abu ina jin ki kina kewaye sunan nan, amma ranar da na tashi yin ƙarya da bakinki sai na sa miki shi. Na tambaye shi, tunda ya gane tun a zaure, me ya sa ya yarda ya taho. Ya ce tsoro yake ji tun ranar Talata, yana ta jiran wanda zai buɗe masa ƙofa, ko da ƙofar ƙarya ce.

Sai ya ce, "Amma in tafiyar ce ta zo, da wane ido zan kalle ta?"

Na gyara masa mayafi na fito, na zauna a bencin nan na fara rubuto miki. Mutum mai 'ya'ya biyar, yana kwance tsakanin rai da mutuwa, ba ƙodarsa ce damuwarsa ba, fushinki ne. Likita ba shi da maganin wannan, liman ya gwada bai iya ba, ni kuma ƙaryata ta ƙare. Ke kaɗai ce za ki iya, ke kuma kin yi nisa.

Saboda haka ga roƙona. Kin ce wanda ya kai miki ɗa gaban allura ba ki yafe ba. To ba shi ya kai kansa ba, ni na kai shi. Ni na yi ƙaryar, ni na rantse, ni na tare keken a bakin titi. In akwai nauyi a maganar nan ki ɗora min, na ɗauka. Kuma ba zan ɓoye miki ba, in aka mayar da ni safiyar Alhamis zan sake yi. Abin da kawai zan canza shi ne in yi ta tun ranar Talata.

Na kuma san ki. Ke da kika taɓa shiga rafi da goyo a bayanki don ki ciro ɗan maraƙi, ba za ki zaɓi maganarki a kan ran ɗanki ba. Zuciyata tana ce min da kin ga kwalbar nan da idonki, da ke za ki fara cewa a sa masa. Amma zuciyata ce take faɗa, ba ke ba, kuma ya riga ya nuna min ya san bambancin.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwar da babu abin sara a cikinta. Allah Ya yafe mini rantsuwar da na yi. Allah Ya buɗe ƙodar Hamma, Ya tashi kafaɗunsa, Ya mayar da shi ga Falmata da yaransa. Na aika a ɗauko sandarsa daga bayan ƙofa, na jingine ta a gefen gadonsa, ko zai tashi ya dogara ta.

In kuma Allah Ya ba ki iko ki zo masa ko a mafarki ne, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ba sai kin kama sunansa ba. Ki ce wancan yaron ya kwantar da hankalinsa, zai gane ke ce.

Wassalam.

Autarki mai surutu,
Hauwa.