Ƙaho Yana Hagu

Riyad, Juma'a

Zuwa ga aminina Jibirilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Jos. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙarar injuna. Ginin da nake foman a unguwar Ulaya ya yi tsawon da in ka leƙa ƙasa sai ka ga motoci sun koma ƙwari.

Saƙo ya iso. Ɗan ƙanwarka Zayyanu ya kawo min faifan har gida, ya miƙo shi da yatsa biyu kamar ya ɗauko garwashi. Ɗalibin hadisi ka ɗora wa dakon kiɗan jaz, Allah ya yafe maka. Da na ga koren bangon nan sai murna ta kama ni. Na tuna ɗakinka na bayan gidan rediyo muna samari, kana goge allura, ina kwance a tabarma, mai busa ƙahon nan da muka kasa faɗin sunansa muka raɗa masa Malam Sannu-sannu yana jan busa kamar ba shi da wurin zuwa.

Ni ma yanzu na haɗa kaya. Na samo garmaho a wani ɗan shago a kasuwar Dira, wurin wani tsohon Bayamane, da amfilifaya mai nauyin buhun siminti. Lasifika ce kawai ban sa ba, don mai gidan da muke haya a ƙasanmu yake, ko kujera aka ja sai ya aiko. Hedifon nake sawa, irin mai rufe kunne ruf.

To ga inda maganar take. Na yi wanka, na ce wa uwargida Hajar ko mudir ne, shugaban kamfani, ya kira ba na nan, na ɗora faifai. Ganga ta shigo, fiyano ya biyo ta. Na gyara zama ina jiran Malam Sannu-sannu. Jibirilla, mutumin nan yana can nesa, sai ka ce daga cikin rijiya yake busawa. Na maimaita har na gaji.

Na san guda biyu gare ka, mai kyau da wanda ya sha allura. Ban ce komai ba. Tambaya kawai nake yi: wanne ka sa a jakar Zayyanu?

Ka gaida Azumi da yara.

Naka,
Ghali, wanda kuka naɗa Sarkin Kunne

*

Jos, Litinin

Alhaji Ghali,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga takardarka, na kuma yi murna da jin kuna lafiya. Azumi tana amsawa.

Guda biyu gare ni a da. Ɗayan na mance shi a bayan mota wata rana a Bukuru, rana ta lanƙwasa shi ya koma kamar kasko, tun ba ka tafi Saudiyya ba. Wanda ke hannunka shi kaɗai ya rage. Kafin in naɗe shi sai da na sa shi sau ɗaya na ban kwana, kuma ƙahon ya fito tangaran, har Azumi da ba ruwanta da jaz ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na ba ka shi ne don ka daɗe kana naci, kuma a gidan nan in na mutu faifan nan murfin tukunya za a yi da shi.

Ka manta karatu. A zamanin da aka ɗauki faifan nan, kowane makaɗi ana ajiye shi a gefe guda. Ƙaho yana hagu, ganga da fiyano suna dama. In ƙaho ya ɓace maka, to hagu ne ke da matsala. Ka bi ɓangaren hagu a natse, tun daga bakin allura har inda sauti yake ƙarewa.

Ba zan ɓoye maka ba, tambayarka ta sosa min rai. Amma na san halinka da gaggawa, shi ya sa ma Malam Sannu-sannu ya fi burge ka.

A gaida Hajar da su Khalida.

Abokinka,
Jibirilla

*

Riyad, Lahadi

Jibirilla,

Salam. Ina fatan kana lafiya.

Na bi karatunka, malam injiniya. Na sauya allura. Na sauya waya. Na koma Dira na tsare Bayamanen nan har ya kwance cikin amfilifaya yana ta wallah wallah. Na sayi sabon hedifon. Malam Sannu-sannu yana nan cikin rijiyarsa.

Kada ka mayar da ni yaro. Ni ne fa ake sa wa faifai na juya baya, kafin a je ko'ina na faɗi wanda ke kan ganga. Da bakinka ka ba ni sarautar nan. In ka ji ba za ka iya rabuwa da mai kyan ba, ai sai ka faɗa, ba wanda ya tilasta ka. Abin da ya ƙona min rai shi ne tatsuniyar rana da bayan mota.

Na rubuta a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan Jos, kuma na san ka gani tunda ka yi gum. Ban ƙara gishiri ba. Cewa na yi ka aiko min da gajiyayye ka riƙe lafiyayye. Talle ya ce a yi haƙuri. Tamimu, wanda ke ofishin ma'aikata a kamfaninmu, dariya ya turo.

Akwai majalisar da muke yi duk Alhamis bayan la'asar a gidan Dakta Kamil, Bahaushe ne haifaffen nan, mai son jaz kamar ransa. Lasifikunsa sun kai tsawon mutum. Na ba su labari, ya ce in kawo a ji. Zan kai, kuma abin da suka ce shi zan turo a zaure.

Ghali

*

Riyad, Talata

Zuwa ga Malam Jibirilla,

Assalamu alaikum. Malam, ni ce Hajar. Ina gaisuwa da girmamawa, ina kuma neman afuwa da na rubuto maka abokinka bai sani ba. Ta wayar Yaya Azumi zan turo hoton takardar, don kunya ta hana ni kiranta tun da na ji abin da ya rubuta a zaure.

Malam, ba faifanka ba ne. Kunnensa ne na hagu.

Abin ya fara ne tun da aka sa su kusa da injunan fasa dutse. Ana ba su abin toshe kunne, shi ya ce foman dole ya ji komai, sai ya riƙa jefa nasa a aljihu, ni nake tsintar su a wanki. A hankali na lura in na yi magana ta hagunsa sai ya share ni. Da farko na ɗauka fushi ne. Yanzu duk gidan mun san ta inda ake bi masa, har 'yar autarmu zagayawa take yi ta dama in tana son abu. Sau ɗaya na gwada faɗa masa, ranar ko abinci bai ci ba, ya ce ni ce nake magana ciki-ciki.

Ina ganin can ƙasan ransa ya sani, tsoro ne. In kamfani ya ji foman ba ya ji da kyau, ba lallai su sabunta masa kwantiragi ba, kuma iƙamarmu, takardar izinin zama, duka a jikin tasa take, ga yara suna makaranta a nan.

Don Allah kada ka tanka masa a zaure, kada kuma ka ce na faɗa. Ka yi haƙuri da mu. Ni dai Alhamis ɗin nan nake tsoro.

Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Hajar

*

Riyad, Juma'a

Ɗan'uwana Jibirilla,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Ban san ta inda zan fara ba, bari in faɗa yadda ya faru.

Jiya na kai faifan gidan Dakta Kamil. Mun cika falo, an zuba gahawa, ga dabino. Kafin a ɗora sai da na yi musu huɗuba a kan amana da abokan zamani. Na kira sunanka, Jibirilla. Har kwaikwayon muryarka na yi da labarin bayan mota, aka yi dariya.

Dakta ya goge faifan da ɗan burushinsa, ya sauke allura. Ganga ta shigo. Fiyano ya shigo. Sai Malam Sannu-sannu ya cika ɗakin. Ka rantse yana tsaye jikin labule, har numfashin da yake ja kafin ya busa ana ji. Wani Basudane a cikinmu, Ustaz Shakir, ya rufe ido ya ce ya salam. Ni kaina na ɗan manta abin da ya kawo ni, daɗi ya kwashe ni. Da na buɗe ido sai na ga kowa ni yake kallo.

Maimakon in yi shiru, sai na ce to hedifon ɗin ne, an cuce ni a shago. Na taho da shi a jaka. Dakta ya jona, ya sa a kansa, ya saurara. Ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala, ya Abu Khalida, ƙaho garau yake." Ustaz Shakir ya gwada, ya gyaɗa kai. Na fizge na sa. Rijiya. Na ce, "Ga shi nan, ba komai a ciki!" Ashe da ƙarfi na faɗa, irin na wanda ba ya jin kansa.

Dakta ya taso a hankali, ya cire shi daga kaina, ya juya shi, na hagu ya koma dama, ya mayar min. Ƙaho ya faɗo cikin kunnena na dama, lafiyayye, kamar yadda muka bar shi a Jos. Ganga da fiyano kuma suka faɗa rijiyar.

Na sauke hedifon. Dakta ya sunkuyo ta haguna ya yi magana. Na ji ɗumin numfashinsa, ban ji kalma ko ɗaya ba, na dai ga Ustaz Shakir ya sadda kai. Sai ya zagayo ta dama ya maimaita: "Cewa na yi ka zo asibiti ranar Lahadi, akwai wanda zai duba ka." Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi.

A jirgin metro na dawo, rungume da faifan, na wuce tasharmu ban sani ba. Da aka sa abinci na ɗaga kai, sai na ga Hajar da yara duk sun taru a damana, hagu ba kowa sai butar shayi. Ban san tun yaushe suke haka ba, kuma na kasa tambaya.

Ka ce in bi hagu har inda sauti yake ƙarewa. A jikina yake ƙarewa, kuma nan ne kaɗai ban duba ba.

Tun safe nake rubuta gaskiya a zaure ina gogewa. Tamimu yana ciki, in ya karanta ya zama kamfani ya karanta. Ga ni nan, na ɓata maka suna a bainar jama'a, tsoro kuma ya hana ni wanke ka a bainar jama'a. Kunyar wannan ta fi ta jiya. Faifan kuma ban cancance shi ba, duk wanda na samu mai tahowa gida zan ba shi ya kawo maka.

Ka yafe ni don Allah.

Ghali kawai

*

Jos, Asabar

Sarkin Kunne,

Wa alaikumus salam. Na amsa.

Faifan nan in ya dawo Jos murfin tukunya zai zama, na riga na faɗa maka. Ka riƙe abinka. Ka duba gaban amfilifayarka, tsofaffin nan ba sa rasa wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa mono. Ka danna shi. Zai tattaro makaɗan duka ya zuba maka su a kowane gefe, ka ji Malam da gangarsa a kunne ɗaya.

Zaure kuma ka bar shi tukuna. Na rubuta musu cewa magana ta ƙare tsakaninmu, mai neman ƙari ya zo Jos ya same ni. Su ci gaba da ɗaukata macuci zuwa lokacin da za ka iya, ba yau aka fara zagina ba. Amma gobe Lahadi ka je wurin Dakta, kuma ka tafi da Hajar. Abin toshe kunnen nan ma ka riƙa sa shi a kunne, ba a aljihu ba, na daman nan shi ya rage mana.

In ka zo hutu za mu zauna a ɗakin nan. Ta damanka zan zauna, don akwai zagin da na tanadar maka, kuma ina so ka ji shi duka.

Ka gaida gida.

Naka har kullum,
Jibirilla